Tsawon Suna: Tsakanin Bakin Mai Kira da Alƙalamin Magatakarda



Batun da aka ɗora mana mu yi magana a kansa yau, in mutum ya ji shi da farko sai ya ɗauka wasa ne, irin hirar da ake yi a ƙofar ɗakin kwana bayan an ci tuwon dare. Tambayar ita ce, ina iyakar tsawon da sunan yanka zai yi har ya zamana ana iya kiran mai shi da shi yau da gobe, ba tare da an datse shi ba? Muna roƙon masu sauraro su yi mana haƙuri kaɗan kafin su yi dariya, domin a ƙarƙashin wannan 'yar tambaya akwai ɗalibin da rajistarsa ta tsaya, akwai tsohon ma'aikacin da fanshonsa ya maƙale, akwai kuma manomin fadama da aka kira sunansa a wurin rabon taimako bai amsa ba, don bai san da shi ake ba. Hausawa sun ce suna linzami ne. To, linzami kuwa in ya yi wa bakin doki yawa ba ya juya shi, in ya yi masa kaɗan ma haka. Za mu ɗebo yawancin misalanmu daga ƙasar Haɗejiya da fadamun kogin da ke ratsa ta, domin nan muka fi sani.

Bari mu fara da sunan garin kansa. Labarin da aka gada daga kaka da kakanni ya ce wani maharbi ne mai suna Haɗe, wanda ya fito daga wajen Macina, ya zauna a wurin tare da matarsa Jiya. Mutane suka riƙa cewa za su wurin Haɗe da Jiya, har sunayen biyu suka manne da juna suka zama Haɗejiya. Abin lura a nan shi ne, mijin gaɓa biyu ne sunansa, matar ma gaɓa biyu. Da Turawa suka zo rubuta sunan a takardunsu, sai suka yar da ƙugiyar ɗ, suka kuma zubar da harafi guda daga ƙarshe, aka wayi gari gari ɗaya yana da suna a baki, yana da wani a takarda. Wannan rabuwa da ta sami garin ita ce ke samun 'ya'yansa har yau, kuma za mu komo kanta.

Mu dubi jerin sarakunan Fulani na Haɗejiya. Sarkin da gidan sarautar yanzu ya fito daga tsatsonsa, ba a san shi da wani suna ba kamar Sambo, ko Sambo Digimsa. Sambo kuwa a wurin Fulani suna ne na ɗa na biyu, kamar yadda Dikko yake na ɗan fari, Yero kuma na uku. Ɗansa da ya bijire wa Sakkwato a tsakiyar ƙarni na 19, ya riƙe garin har 1863, duniya ta san shi da Buhari kurum. Asalin wannan kalma sunan birnin Buhara ne, can a ƙasar da ake kira Uzbekistan yau, garin Imam Muhammadu ɗan Isma'ila mai tattara hadisai. Watau sunan wani gari na tsakiyar Asiya ya keto sahara ya zama sunan kiran yara a bakin kogin Haɗejiya, don ba shi da nauyi a harshe. Sarki Haruna na ƙarni na 19, Haru ake ce masa. Amma sarkin da ya tari sojan Turawa a watan Afrilu na 1906, ya rasa ransa a cikin garinsa, shi ƙara masa aka yi. Sunansa Muhammadu, to Muhammadu nawa ne a tarihin ƙasar nan? Sai jama'a suka ce Muhammadu Mai Shahada, kuma in ka ce Mai Shahada kaɗai a Haɗejiya ba mai tambayarka wa kake nufi. Marigayi Sarki Abubakar, wanda ya yi mulki daga 1984 zuwa 2002, an fi saninsa da Maje, ɗansa Adamu Abubakar Maje ya gaje shi a 2002. Daga wannan jeri kaɗai za mu ga cewa jama'a ba su taɓa zama bayin abin da liman ya raɗa ranar suna ba. Suna karɓarsa da ladabi, su shafa fatiha, su ci naman rago, sa'an nan su sassaƙa abin da bakinsu zai iya ɗauka.

Yadda ake wannan sassaƙa kuwa abin sha'awa ne ƙwarai, kuma a nan muke so mu ɗan daɗe. Harshen Hausa ba ya son kalma ta tsaya cak a kan baƙi, ya fi son ta sauka a kan wasali. Saboda haka duk sunan da ya zo mana daga Larabci, abin da kakanninmu suka fara yi masa shi ne ƙara masa tsawo. Suka ce Muhammadu, Usmanu, Aliyu, Yusufu, Idirisu, Sulaimanu, Kabiru, Nasiru. A wajen mata suka ce Faɗimatu, A'ishatu, Hadizatu, Halimatu, Zainabu, Maryamu. Bayan sun miƙe sunan sun shimfiɗa shi yadda zai kwanta a harshe, sai suka ga ya yi wa hidimar yau da kullum yawa, sai suka sa masa wuƙa. Wani aka riƙe kansa aka yar da wutsiya: Sulaimanu ya zama Sule, Idirisu ya zama Idi, Jibrilu ya zama Jibo, Bilkisu ta zama Balki. Wani aka yar da kai aka riƙe wutsiyar: Zakariya'u ya zama Ya'u, A'ishatu ta zama Shatu, Asma'u ta zama Ma'u, Zainabu ta zama Abu. Wani aka murɗe shi har sai mai ilmi ne zai gane asalinsa: Muhammadu ya zama Mamman, Abdullahi ya zama Audu, Ibrahim ya zama Iro, Hadizatu ta zama Dije, Maryamu ta zama Mairo, Adamu ya zama Ado. Akwai kuma waɗanda aka ajiye su ɗungum aka ɗauko wata kalma dabam ta tsaya musu: kowane Abubakar Garba ne, kowane Usmanu Shehu ne saboda Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, A'ishatu Indo ce, Hauwa'u Kulu ce, Faɗimatu Binta ce.

In masu sauraro sun ƙidaya tare da mu za su ga abu guda yana ta maimaita kansa. Sunayen da aka datse, da yawansu gaɓa huɗu ne ko biyar: Mu-ham-ma-du, A-bu-ba-kar, Fa-ɗi-ma-tu, Za-ka-ri-ya-'u. Abin da ya rage bayan an datse kuwa, kusan kullum gaɓa biyu ne: Gar-ba, Au-du, Su-le, In-do, Bin-ta, Di-je. Masu gaɓa uku su ne ke kan iyaka. Haruna da Yaƙubu da Umaru da Amina da Safiya sukan rayu da sunansu cikakke har tsufa, ko da yake su ma ba su tsira sarai ba, tun da ga Haru ga Ali ga Ado. Hatta sunayen da Hausa ta haifa da kanta ba su kuɓuta daga wannan doka ba. Yaron da aka haifa ran Laraba Balarabe ne, gaɓa huɗu, amma kafin ya yi wayo ya koma Bala. Saboda haka in an matsa mana mu ba da amsa a taƙaice, sai mu ce bakin Bahaushe yana ɗaukar gaɓa biyu da murna, yana ɗaukar uku da haƙuri, abin da ya wuce haka kuwa sai ranar ɗaurin aure da ranar shari'a.

Me ya sa haka? A ganinmu dalilin ba lalaci ba ne, ko da yake wasu malaman makaranta sukan ce haka. Dalilin shi ne aikin da suna yake yi. Suna abin kira ne, kira kuwa a ƙasarmu sau da yawa daga nesa ake yinsa. Duk wanda ya taɓa shiga fadamun Guri ko na Kirikasamma da damina ya san haka. Masunci yana cikin kwalekwale a wannan gefe, ɗansa yana riƙe da bakin taru a wancan, ciyawar kacalla ta yi tsawo ta shiga tsakaninsu har ba sa ganin juna, iska kuma tana kaɗawa. In taru zai kuɓuce, ba lokacin jera gaɓa biyar. Gaɓar farko ita ke ta da kunne, ta biyu ita ake ja a miƙe ta bisa ruwa har ta isa. Haka mai korar tsuntsaye a gonar shinkafa, haka makiyayi a bayan shanu, haka uwa da ta hango ɗanta ya nufi bakin rijiya. A kasuwar kifi ta Haɗejiya, inda hayaniya ba ta barin mutum ya ji maganar na kusa da shi, dillali ba zai tsaya yana kiran Abdurrahmanu ba alhali mota na shirin tashi.

Maƙwabtanmu ma da muke zaune cuɗe da su a wannan kwari haka suka yi, kowa da irin wuƙarsa. Barebari da Mangawa na wajen Birniwa da Nguru sun mai da Muhammadu Modu, Abubakar Bukar, Faɗimatu Falmata. Shehun Barno da littattafai ke kira Muhammadu al-Amin al-Kanemi, a bakin mutanen ƙasar nan Shehu Laminu ne. Fulani sun ce Buba, sun ce Hamma. In mun leƙa Kudu, Yarabawa da Inyamurai suna sa wa 'ya'yansu sunayen da jimla ce sukutum mai ɗauke da addu'a, amma Olusegun a gida Segun ne, Chukwuemeka kuma Emeka. Ashe abin ba na Bahaushe kaɗai ba ne.

Akwai wata hanya kuma da al'adarmu ta bi ta sauƙaƙa wa dogon suna, ita ce alkunya. Uwa ba ta faɗin sunan ɗanta na fari, mace ba ta faɗin sunan mijinta, yaron da aka mayar wa sunan kakansa kuwa gidan duka ba mai iya kiransa da shi. Sai ya tashi yana Abba, ko Baba, ko Babangida, ko Baffa. Yarinya ta tashi tana Ummi, ko Inna, ko Uwani. Ta haka sunan yanka yakan zauna a ajiye kamar rigar sallah a cikin adaka, ba ya tsufa, ba ya yagewa, komai tsawonsa. Haka nan mahaifin da ya ƙudura sa wa 'ya'yansa maza duka Muhammadu, sai ƙidayar Larabci ta raba su: Lawal, Sani, Salisu, Rabi'u, Hamisu, har zuwa Tasi'u da Ashiru. Ga kuma sunayen rana da na yanayi, su Ɗanjuma da Jummai, Ɗanladi da Ladi, Tanko da Kande, Gambo mai bin tagwaye, Azumi, Sallau, Anaruwa. Ba ɗaya daga cikinsu da liman ya raɗa, amma su ne mutane ke rayuwa da su, su mutu da su.

Kada kuma a ɗauka kullum ragewa ake yi. In ƙauna ta motsa, sunan da aka gajarta shi ake sake miƙewa. Kaka ba ta cewa Ladi, sai Ladidi; Kulu ta zama Kululu, Indo ta zama Indodo, Binta ta zama Bintoto, Garba ya zama Garbati. Masana harshe biyu, Paul Newman da Mustapha Ahmad, sun yi rubutu a kan irin waɗannan sunaye na shagwaɓa a 1992. Abin da muka fahimta daga wannan ɗabi'a shi ne, mai gaggawa ke datse suna, mai lallashi kuwa ja yake yi, domin ba ya son kiran ya ƙare da wuri.

Yanzu bari mu taɓo inda datsewa take da haɗari. Ya zo a hadisi cewa Abdullahi da Abdurrahman su ne sunayen da Allah ya fi so, shi ya sa iyaye ke rububinsu da sauran 'yan'uwansu, su Abdulƙadir, Abdulmumini, Abdurrazaƙ, Abdul'aziz. Waɗannan sunaye kalma biyu ce a haɗe, bawa da Ubangijinsa, kuma ba a raba su yadda aka ga dama. Malamai suna tsawatarwa a kan a yar da rabin farko a kira mutum Rahman kurum, domin wannan suna na Mahalicci ne. Kakanninmu sun san haka, shi ya sa suka riƙe rabin farko suka ce Abdu ko Audu, watau bawa, magana ta cika, ba a taɓa alfarmar kowa ba. Mu 'yan boko kuwa muka zo da namu salon, muka ce Abdul. Wanda ya yi ko da shekara guda a gaban malamin nahawu ya san Abdul magana ce da aka yanke a tsakiya, kamar mutum ya ce “bawan” ya yi shiru. Tsohuwar da ba ta taɓa riƙe alƙalami ba, mai cewa Audu, ta fi mu daidai a nan, ko da yake mu ne ke jin kunyar Audu muna ganin sunan ƙauye ne. Datse suna a kansa ba laifi ba ne a Larabci ma. Masu nahawu suna da babi guda da suke kira tarhimi, inda ake sauke ƙarshen suna wajen kira. Abin da ake bukata shi ne sanin gaɓar da wuƙa za ta bi.

Wannan kunya da muke ji kuwa ba ta da tushe. Gwamnan soja na tsohuwar Jihar Kano daga 1967 zuwa 1975, lokacin da Haɗejiya take cikinta, wanda a zamaninsa aka gina madatsar ruwa ta Tiga da ta sauya tafiyar kogin nan namu, Audu Bako ne sunansa, kuma da Audu ya sa hannu a takardun mulki. Shugaban ƙasa daga 1979 zuwa 1983 sunansa na yanka Usmanu, amma duniya Shehu Shagari ta sani. Ado Bayero ya yi sarautar Kano daga 1963 zuwa 2014. Jami'ar da aka kafa a Kafin Hausa a 2013 tana ɗauke da sunan Sule Lamido, ba kuwa wanda ya ce Sule ya yi wa allon jami'a gajarta. Amma a yau sai ka ga matashin ma'aikaci ya haifi ɗa, ya buɗe littafi ya zaɓo suna mai hawa biyu, Muhammad Al-Amin, ko Fatima Zahra, ko Ummulkhairi, ya kuma kafa doka a gida cewa kada wanda ya kuskura ya gajarta. Niyyarsa kyakkyawa ce, ba mu musa ba. Sai dai dokar ba ta wuce zaure. Ran da yaro ya fita waje abokan wasa za su yi masa abin da aka yi wa na gabansa, kuma da yake an hana su Laminu da Binta, sai su ɗauko wani guntun suna mai ƙamshin Turanci daga Facebook su liƙa masa.

To, duk wannan ma'aunin baki ne. Akwai wani ma'auni na biyu wanda kakanninmu ba su san shi ba, shi ne na takarda, kuma shi ne ke cizo a yau.

Bahaushe ba shi da sunan dangi irin na Bature. Sunansa da na ubansa sun ishe shi, in ana son ƙarin bayani a faɗi sana'arsa ko unguwarsu. Da makarantar boko ta zo da rajistarta mai gurbin suna biyu, sai aka riƙa cike gurbi na biyu da sunan garin yaro. Ta haka aka sami Aminu Kano da Sa'adu Zungur da Isa Kaita da Abubakar Tafawa Ɓalewa. Sardauna kansa Ahmadu Raɓa ake kiransa a Kwalejin Katsina. Ta haka kuma har yau ake samun ɗalibai masu ɗauke da Auyo, ko Kaugama, ko Bulangu, ko Malam Madori a ƙarshen sunansu. A zamanin alƙalami da tawada wannan bai dami kowa ba, domin magatakarda yana iya matse rubutunsa, in gurbi ya ƙare ya hau gefen takarda. Kwamfuta kuwa ba ta da gefen takarda.

Ga misali da lissafi. A ƙasan shafin fasfo akwai layi biyu da na'ura ke karantawa, kowane layi gurbi 44. Bisa ƙa'idar da ƙasashen duniya suka amince da ita, gurbi 39 ne kacal aka ware wa sunan mai fasfo a layin farko, har da alamomin da ke raba suna da suna. Baƙin layin da ke bayan katin banki kuwa, gurbin suna a cikinsa bai wuce 26 ba. Yanzu mu ƙaga wani ɗalibi, mu kira shi Abdurrahman Muhammadu Kirikasamma. Haruffansa 31 ne, in an haɗa da tazara biyu 33. Ya shiga fasfo da ƙyar, amma ya fi ƙarfin katin banki, tilas a mai da wani sashe nasa harafi guda. In kuwa ya ƙara sunan kakansa Abdulƙadir, ya zama gurbi 45 a tsarin fasfo, dole a sare shida. Na'ura kuwa ba ta san nahawu ba, ba ta san alkunya ba, ba ta san inda bawa ya ƙare Ubangiji ya fara ba. Inda gurbi ya ƙare nan take sarewa.

Bugu da ƙari, ba ta san ƙugiya ba. Haruffan nan namu, ɓ da ɗ da ƙ, waɗanda aka shigar cikin rubutun boko tun shekarun 1930, ba su da wuri a wancan layi na fasfo, haka ma alamar hamza. Ɗahiru ya koma Dahiru, Rabi'u ya koma Rabiu, Sa'adatu ta koma Saadatu. Wannan da sauƙi, tun da kowa abin ya shafa. Babbar matsala ita ce rubutu barkatai. Suna guda, malamin firamare ya rubuta Abdurrahman, na sakandare ya rubuta Abdulrahman, ma'aikacin banki ya raba shi biyu ya mai da Abdul sunan farko, Rahman sunan tsakiya. Muhammadu kuwa ba a magana: Muhammad, Mohammed, Muhammed, Mohd, kowa da yadda hannunsa ya saba.

Shekaru da dama wannan bambanci yana kwance ba ya cutar kowa, domin takardun ba sa haɗuwa da juna. Sai Babban Bankin Nijeriya ya fito da lambar BVN a 2014. Hukumar katin ɗan ƙasa, wadda dokar 2007 ta kafa, tana ba da lambar NIN. A watan Disamba na 2020 gwamnati ta ce a haɗa ta da layin waya, a 2021 kuma hukumar JAMB ta wajabta ta a kan duk mai neman shiga jami'a. Kowace lamba daga cikin biyun nan alƙaluma 11 ce, watau hukuma ta raɗa wa kowannenmu sabon suna mai tsawo ɗaya, wanda ba uwar da za ta iya kiran ɗanta da shi. Daga nan takardu suka fara duban juna ido da ido. Wanda yake Garba a takardar firamare, Abubakar a ta sakandare, A. Muhammad a banki, sai kwamfuta ta ce mutum uku ne. Kafin ya tabbatar mata shi kaɗai ne, sai ya je kotu ya yi takardar rantsuwa, ya biya kuɗin sanarwa a jarida, ya biya kuɗin gyara, ya yi ta zirga-zirga tsakanin ƙauyensu da Haɗejiya ko Dutse. Ɗan mai hali zai ɗauki wannan a matsayin ɓacin rana guda. Ɗan masunci kuwa kuɗin mota kaɗai ya isa ya sa ya haƙura da karatun bana, kuma mun san bana takan zama baɗi, baɗi ta zama shi ke nan.

A ƙauye abin ya fi haka ciwo. Ambaliyar 2022 ta ci gonaki da gidaje masu yawa a ƙasar Haɗejiya, kuma duk lokacin da irin wannan ta faru, taimako da jerin sunaye yake zuwa. A unguwa guda ana iya samun Muhammad Abubakar biyar. Mai unguwa ya san su sarai, domin a wurinsa ɗaya Mamman Dogo ne, ɗaya Sani Mai Taru, ɗaya Lawal na Kande. Takarda kuwa ta shafe duk abin da ya bambanta su, ta bar abin da suka yi tarayya a kai. Ga tsohuwa kuma wadda shekara sittin ana ce mata Indo, a yi ta kiran Aisha Muhammad tana zaune tana kallon mai kira. A nan gajeren sunan da muke rainawa shi ne cikakken bayani, dogon na takarda shi ne ragagge.

Saboda haka ga abin da muke gani, musamman ga 'yan'uwanmu da suka fara aikin gwamnati da waɗanda za su fara gobe, domin alƙalamin nan hannunku zai dawo. Ba mu ce a daina sa dogon suna ba. Mahaifi yana da ikon ya zaɓa wa ɗansa abin da ya ga ya fi albarka, ko gaɓa shida ne. Amma ya sani cewa yaron zai sami na kira ko an so ko an ƙi, gara shi uban ya zaɓa masa tun ranar suna daga cikin waɗanda harshenmu ya riga ya sassaƙa, da ya bar wa 'yan layi. Sa'an nan dokar 1992 ta wajabta rajistar haihuwa a hukumar ƙidayar jama'a. Rubutun da aka yi a wannan takarda ta farko, harafi da harafi, shi ya kamata ya bi yaro zuwa firamare, zuwa sakandare, zuwa banki. In Garba aka rubuta, to Garba ne har ya yi digiri, kada wani malami ya ce zai yi masa gata ya mai da shi Abubakar a aji shida. In Abubakar ne, kada a bar Garba ya leƙa kowace takarda. Ɗalibin da sunansa ya riga ya yi tsawo kuma, ya yi tunani kafin ya jingina masa sunan gari, tun da yanzu akwai gurbin ƙaramar hukuma dabam a kusan kowane fom.

Ku kuma masu zama a bayan tebur, in dattijo ya zo gabanku kuka tambaye shi suna ya ce Audu, kada ku yanke masa hukunci ku rubuta Abdullahi, domin mai yiwuwa Abdulƙadir ne ko Abdulmumini. Ku tambaye shi abin da aka raɗa, ku tambaye shi abin da ke katinsa, ku karanta masa abin da kuka rubuta ya ji da kunnensa kafin ku danna. In kuwa wata rana aka ba ɗayanku aikin tsara fom na rabon taki, ko na bashin noman rani, ko na taimakon ambaliya, muna roƙonsa ya ƙara gurbi guda a ƙarƙashin na suna, ya rubuta a kansa: sunan da aka fi saninka da shi. Layi ɗaya ne, ba zai ci wa gwamnati ko kwabo ba, kuma da shi mai unguwa zai iya nuna wane Muhammad Abubakar ake nufi a cikin biyar ɗin.

Shugaba, mun ga ana yi mana nuni da agogo.